Hagun Ashafa

Ranar sadakar ukun Malama Zuwaira, duk abin da aka faɗa a kanta gaskiya ne. An ce ta shekara arba'in da 'yan kai tana koyarwa, haka ne. An ce rabin masu iya rubuta sunansu daga Kumbotso zuwa bakin kogin Challawa ta hannunta suka bi, wannan ma ba ƙari. Wani tsohon hedimasta ya ce ba ta taɓa makara ba, ko ranar da ruwa ya cinye hanya tattare zani ta yi ta ratsa. Ina zaune a kan tabarma ina gyaɗa kai, amma idona na kan jikanta Ashafa, yana zagayawa da buta rataye a dungulmin hannunsa na dama. Ba wanda ya yi zancen hannun nan. Ni ma ban yi ba, shi ya sa nake rubutawa yanzu.

Sunana Tijjani. Tare aka sa mu makaranta da Ashafa a 1970, kuma ni ne monitan ajin. Malama gajeruwa ce, siririya, kullum da farin alli a gefen mayafinta. Gida gida take bi tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'ya. Yaron da ya zo da yunwa, ƙosanta take gutsura masa. Wanda ya zo da ciwon ido, da kanta take wanke masa. Muna tsoronta, muna kuma son ta, ba zan ɓoye ba.

Ashafa a hannunta ya tashi, don ubansa, ɗanta na fari, ya rasu yaron yana goye. A gida wasan jika da kaka suke yi. Tana kiransa maigida, tana tsokanarsa wai ta auri miji mai cin tuwo malmala biyu amma ko fartanya bai iya riƙewa ba. Shi kuma ya ce sakinta zai yi ya auro mai haƙora. Da sun taka ƙofar makaranta wasa ya ƙare, ita Malama ce, shi ɗalibi.

Laifinsa ɗaya, bahago ne. A wurin Malama hagu ta tsarki ce, ba a ci da ita, ba a miƙa abu da ita, balle a riƙe alƙalami. Ta ce ba za ta gyara 'ya'yan mutane ba nata jikan ya shiga duniya yana ba manya abu da hagu. Da farko da ɗankwali take ɗaure masa hannun ta baya har a tashi. Muna aji biyu, ran nan ta kama shi yana zanen jirgin ƙasa a ƙarƙashin benci, da hagun. Zanen ya yi kyau ƙwarai, har hayaƙi ya sa masa.

"Monita, zo ka riƙe mini shi," in ji ta.

Na je na danne wuyan hannunsa a kan benci, ina ma jin daɗi an kira ni. Da gefen rula ta yi ta bugun yatsun. Can na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafina. Ita ce ta goya shi zuwa wurin mai ɗori tana kuka, wannan ma gaskiya ne. Yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, suka warke a sandare, ba sa lanƙwasuwa. Amma buƙatarta ta biya. Daga nan Ashafa da dama yake rubutu, rubutu kamar tonon kaza, hagun kuwa kullum tana bayansa. In ta yi kamar za ta motsa, sai ka ga ya janye ta da sauri.

Kafin mu gama girma gonakinmu sun zama kamfanoni. Ashafa bai ci jarrabawar gaba da firamare ba, sai ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a kan injin kankare fata. Abin ya faru a 1983. Gwadabe, abokin aikinsa da ke tsaye kusa da shi, shi ya ba mu labari. Fata ta cukurkuɗe a bakin wuƙar injin. Maɓallin kashewa yana gefen hagu, taƙi ɗaya daga jikinsa. Gwadabe ya rantse ya ga hagun Ashafa ta tashi za ta danna, sai ya ga ya fizge ta ya mayar baya, ya kai dama zai ciro fatar. Injin ya haɗa da hannun, ya datse shi daga wuyan hannu.

Da ya fito daga asibiti, manaja ya ce ba zai jefar da shi ba. Akwai gurbi a bakin get, na mai rubuta sunayen ma'aikata da lokacin shigarsu. Ya ba shi wata ɗaya, in ya iya rubutun da za a karanta, aikin nasa ne, in bai iya ba, sai haƙuri.

A lokacin Malama ta yi ritaya. Ta ciro allon 'yan aji ɗaya daga ƙarƙashin gado, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

"Maigida, kawo hannun."

Ya miƙa mata dungulmin, don shi ya saba miƙawa.

"Ɗayan," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba.

Wata guda tana fama. Ta gasa yatsun da ruwan ɗumi, ta murza su da man kaɗanya, ta gwada ɗaure masa fensir da zare. Matar da ta koya wa ɗaruruwa rubutu ta zauna tana lallashin yatsu biyun da ita ta kashe, suka ƙi ta. Ban taɓa jin ta ce masa ya yafe mata ba. Malama ba ta iya wannan maganar ba, abin da ta iya shi ne ta ce a sake daga farko.

Ranar gwaji ba shi kaɗai ya je ba. Ni ma na je. An rage mu daga wata masaƙa a Bompai, na ji labarin gurbin, kuma kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban san na waye ba, na sani sarai. Akawu ya ba kowa biro da takarda, ya karanto suna goma. Ashafa yana kan na uku biron ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana ƙoƙarin tsinto shi da babban yatsa da ƙarami. Ni na gama. Akawu ya ɗaga takardata yana dubawa.

"Wa ya koya maka rubutu haka?"

Na ce, "Malama Zuwaira."

Ashafa daga inda yake durƙushe ya ce, "Ni ma ita ce."

Ni aka ɗauka. Da na je gaishe da Malama, ta ce Allah ya sa albarka, in riƙe aikina, kada in makara. Ashafa ya koma gadin kekunan ma'aikata a gindin wata dalbejiya, daura da tagata. Shekara shida ina rubuta sunaye da rubutun kakarsa, yana zaune yana kallona, kuma kullum shi yake fara gaishe ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tsufa ya zo wa Malama ta ido, sannan ya shiga kai. Takan tashi da safe ta yi ta kiran sunayen ɗalibai, waɗansu sun daɗe a ƙasa, ta tsaya tana jiran a amsa. Ashafa ne yake amsa wa kowa. Shi yake dama mata kunu, shi yake wanke mata zani, ya take da ƙafa ya cuɗa da hannu ɗaya.

Saura mako ta rasu na leƙa da la'asar. Tana jingine da bango, ta ce ƙishirwa take ji. Ashafa ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa mata. Ta lalubo moɗar, ta lalubo hannun, ta shafa sandararrun yatsun nan. Sai na ga ta gyara zama, muryar aji ta dawo mata. Ta buge hannun, ruwa ya zube a tabarma.

"Ɗan gidan waye kai? Wa ya koya maka ba babba abu da hagu? Ina damarka?"

"Ku yi haƙuri, Malama," in ji shi.

Ya sake ɗebo ruwan. Ya ɗora moɗar a kan dungulmin, ya tokare ta da ƙirji, ya durƙusa a hankali har ta kai bakinta, rabin ruwan yana bin rigarsa. Ta sha, ta yi ajiyar zuciya.

"Yauwa. Ka ga ai ka iya, dama taurin kai ne."

Hagunsa tana bayansa har ta gama sha.