Iznin Tafiya Zahra

Ni ce 'yar fari a gidanmu, cikin Birnin Zariya, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ba ma doguwar magana. In ina da buƙata Gwaggo, yayarsa, nake faɗa wa, ita ta kai masa zaure.

Da na samu gurbin ƙaro karatu a Turai, ba abin da ya rage sai izninsa. In ya ce a'a, shi ke nan. Na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla. Bincike zan yi a kan Zahra, tauraruwar nan da ke fitowa kusa da wata. Ita kanta sai ta yi wajen wata takwas kafin ta juya sau ɗaya, amma iskar samanta cikin 'yan kwanaki take zagaye ta. Ana ganin rana ce ke gasa gajimaren, zafin ya yi ta ingiza iskar gaba.

Gwaggo ta ce, "Ita ƙasar tana zaune, iska na ta gudu? Kamar gidan nan ke nan."

Ta ja mayafi ta tafi zaure. Abin da ta faɗa masa, Allah kaɗai ya sani. Malam dai, mahaifin nawa, ya daina fita hira, ya sauko da littattafan da ban taɓa ganin ya buɗe ba, har ya hau keke-napep zuwa Tukur-Tukur wajen wani abokinsa malami. Ni kuwa na tabbata hujjar hana ni yake nema.

Ran nan Gwaggo ta shigo ta ce ya yarda. Abu ɗaya ya tsaya masa: wurin da yini guda ke cin watanni, yaya za a yi da salloli biyar?

Na ce, "Gwaggo, ai Turai za ni, ba Zahra ba."

"Ke dai rufa mini baki. Wanda ya bar ki zuwa sama, Turai ce za ta gagara?"

Ashe duk kwanakin nan ya ɗauka Zahrar kanta zan tafi, kuma ko sau ɗaya bai nemi hanyar hana ni ba. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar tafiya na durƙusa a ƙofar zaure. Bai dube ni ba, Gwaggo ya duba, ya ce:

"A gaya mata ta ɗaure mayafi da kyau, tunda wurin akwai iska. Salla kuwa ta bi lokacin Zariya. In na tsaya, na san ita ma ta tsaya."