Shayin Cittar Surukata

Ni ba na son citta. Na fara da wannan ne don na shekara goma sha ɗaya ban iya furta shi da baki ba, a ƙasar da citta ce ke aurar da 'ya'ya, ita ke sa kwano a kan ɗaki. Abin da nake so gahawa ce, baƙa wuluk, ba madara, sukari kan cokali. A kwalejin malamai na koyi shanta, kuma har yau akwai 'yar kwalba a aljihun teburina a makarantar da nake koyarwa a Kafanchan. In aka kaɗa ƙararrawar hutu sai in haɗa kofi ɗaya in juya wa kowa baya.

Bakina ne ya ja mini. Ranar da wanda zan aura ya kai ni gaida mahaifiyarsa, gwaggona ta ja mini kunne tun daga Zonkwa: duk abin da aka ba ki a gidan surukai ki shanye, ki yaba. Tsohuwar ta kawo mini shayi a babban kofin ƙarfe. Ɗanyar citta ce ta daka ta dafa da ganyen shayi, ta zuba zuma. Kurɓar farko na ji kamar an goga mini barkono tun daga harshe har ƙirji, idona ya kawo ruwa. Da na ce na gode na yi shiru, da shi ke nan. Amma ina son a so ni, sai na ce, "Mama, tunda nake ban taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba." Ta tashi ta ƙaro mini.

Bayan aure muka zauna a gidan iyali, a kan hanyar Madakiya. Mijin tsohuwar ya daɗe da rasuwa, ƙofar ɗakinta na kallon tamu. 'Ya'ya huɗu ta haifa, duk maza, kuma babu ɗaya da ke zama ya sha shayinta. Kowa sai ya ɗauki fartanya ko babur ya fice. Sai ga ni, Allah ya kawo mata mai yabo. Tun ranar, kullum gari ya waye sai in ji ƙaramin turminta, sannan muryarta: "Matanmu, fito, shayinki ya yi!" Haka take kirana. Ba ta miƙo mini ta tafi, da na san inda zan kai shi. Zama take yi a kan 'yar kujera ta zuba mini ido, tana ba ni labarin gona da na zumuntar matan majami'a da na wanda ya yi barci ana sujada ranar Lahadi, har sai ta ga gindin kofin. Daga nan in tafi aji da ƙwannafi yana cin ƙirjina har tsakar rana.

Ba wai ban nemi hanyar tsira ba. Da na sami cikin fari na ce zuciyata na tashi, ta ce ai maganin tashin zuciya ke nan, ta ƙara yawan cittar. Wata shekara na ce na bar shayi saboda azumin kafin Ista. Ta yaba mini ƙwarai, ta faɗa wa matan majami'a, bayan Ista kuma ta koma ba ni kofi biyu wai in rama. Mijina ya sani, shi dariya abin ke ba shi. Sau ɗaya ya ce bari ya gaya mata, na riƙe masa riga. Yaya za a ce wa mace abin da take taƙama da shi shekara da shekaru ƙarya ne? Kowace safiya da na shanye, faɗar gaskiyar sai ta ƙara nauyi.

Sai shekarar da ciwo ya shiga citta. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta raba ba, in ka tona sai ka ɗago abu ruɓaɓɓe mai wari. Gonar Mama ba a cire ko kwando ɗaya ba. Na ga tsofaffi suna kuka a bakin gona, na taya su, amma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: can ƙasan raina akwai wani ɗan farin ciki. Busasshiyar da ta rage a ɗakinta ta ƙare bayan Kirsimeti, turmi ya yi shiru. Mako uku na yi ina shan gahawata a ɗakina da safe, ƙofa a rufe, ina jin kunyar daɗin da nake ji.

A cikin wannan lokacin ne wani ɗan ƙanenta ya kawo mata iri daga wajen Kauru, kwando ɗaya, lafiyayye. Iri ya yi wuya a shekarar, mai shi ba ya ko nuna wa maƙwabci. Ta jera shi a inuwar mangwaron bayan gida, ta rufe da ganye, kamar yadda ake ajiye shi har ruwa ya sauka. Da wannan kwandon za ta tada gonarta, ba ta da wani.

Wata safiya sai na ji turmi. Na ɗauka mafarki nake, har ta kira ni. Na sha, na yi godiya, na tambaye ta ina ta samu, ta ce in sha kawai. Kashegari na riga ta tashi, na leƙa ta tagar baya. Na gan ta durƙushe a gindin mangwaro, ta ɗaga ganyen, tana ɓallo citta mai ido, wadda har ta fara tsiro, tana sawa a bakin zane. Saura wata biyu a yi shuka. Kullum sai ta ɓallo kamar yatsu biyu, don ta dafa mini abin da nake haɗiya da ƙyar.

Na yi kwana goma ina sha ina kallon tarin ganyen yana lotsawa, ina jin haushin kaina. Rana ta goma sha ɗaya na ajiye kofin a ƙasa ban taɓa ba.

"Mama, ki gafarta mini. Ni ba na son shayin citta. Ban taɓa so ba, tun ranar farko ƙarya na yi miki."

Ta dube ni, ta dubi kofin. Na shirya wa fushi, na shirya wa kuka. Sai ta yi dariya har ta dafa gwiwa.

"Ka ji yarinya! Kin ga ina taɓa iri, ko? Shi ya sa."

"Ba shi ba ne, Mama. Da gaske nake."

"Shekara nawa kina shanye shi tas? Yau ne zai zama ba daɗi?"

Na kira mijina ya ba da shaida. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne, ta ce mun haɗa baki. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar gahawa, na haɗa a gabanta, na ce ga abin da nake so. Ta karɓa ta ɗanɗana, ta tofar, ta goge baki. A nan ne idonta ya ciko.

"Wannan ɗaci za ki riƙa sha don ki bar mini iri? Ubangiji ya sa miki albarka, 'yata. Ban haifi mace ba, amma ya ba ni." Ta ɗauki kofinta ta sa mini a hannu. "Sha, kada ya yi sanyi."

Na sha. Abin da na samu kawai shi ne ta yarda ta rage, ta koma ranar Lahadi kaɗai har a yi shuka, kuma kafin mako ya zagayo duk zumuntar mata ta ji irin surukar da Allah ya ba ta.

Da ruwa ya sauka muka je gona mu biyu, ni na ɗauki ganyen rufi. Abin da ya rage na irin bai rufe filin da ya wuce faɗin ɗakinta ba, a tsakiyar gonar da a da sai an yi gayya. Muka binne, muka rufe. Ta miƙe tana riƙe da ƙugu ta ce bana ba za ta kai ko ɗaya kasuwa ba, rabi iri, rabi na shayina. Sannan ta ce ni zan yi addu'a, tunda tawa ce.

Na rufe ido a tsakiyar gonar, na roƙi Ubangiji ya tsare cittar nan daga ruɓa, ya sa ta yi 'ya'ya ta cika ƙasa. Ta ce amin da ƙarfi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har zuciyata nake roƙon.