Kuwabara Shigeru, Injiniyan da Aka Auna Jirgi da Hannunsa

Haihuwa da karatu

An haifi Kuwabara Shigeru a shekarar 1951 a garin Kakamigahara, ɗa na biyu ga Kuwabara Tokuji mai sana'ar awara da matarsa Fumi. Ya tashi ɗan tsurut, siririn hannu, har abokan makaranta suka laƙaba masa Sauro, sunan da bai taɓa yafe musu ba. Ya kammala karatun injiniya a Nagoya a shekarar 1974.

Aiki da iyali

A wannan shekarar ya kama aiki a wani kamfanin ƙera jiragen sama, zamanin da ake zana jirgi a takarda, sannan a sassaƙa kwatankwacinsa da katako domin makanikai su shiga su gwada ko hannu zai kai kowane lungu. Ya auri Hatsue a 1979, mace mai baki, wadda ita kaɗai ce ba ta shakkarsa. Sun haifi 'ya'ya uku, babbarsu Noriko.

A 1996, yana shugaban sashe, ya shawo kan kamfanin aka watsar da katako, aka koma gina jirgi ɗungurungum cikin kwamfuta, daga siffar nan kuma ake fitar da umarnin gyara da bayanan kayayyakin gyara. Aka ƙirƙiri makaniken kwamfuta, wato siffar mutum a cikin na'urar, da zai riƙa zura hannu a madadin mutum, ma'aikatan Kuwabara kuwa, don su karrama shi, suka auna jikinsa suka yi makaniken da shi. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har baƙi yake nuna wa.

Abin da ya faru a 2003

An sayar da jiragen da aka ƙera ta wannan hanya ga wata ƙasa mai tsananin sanyi, inda makanikai ƙarti ne, ga safar hannu mai kauri. Kafar da ake duba matatar da ke tace man jirgi a cikin fiffike, wadda makaniken kwamfuta ya shige salin-alin, ta ƙi karɓar hannun kowa a cikinsu, sannu a hankali suka daina dubawa. A farkon 2003 matatar wani jirgin fasinja daga cikinsu ta toshe, injinsa ya mutu a sama, matuƙin ya sauka da kyar, ba a rasa rai ba, amma aka dakatar da jiragen baki ɗaya.

Kuwabara ya kira mataimakinsa, Ogata, ya tambaye shi ko sun san kafar ta yi wa hannun mutane kaɗan.

“Ranka ya daɗe, tun ranar awo muka sani,” in ji Ogata, kansa a ƙasa. “To wa zai kalli shugabansa ya ce hannunka bai kai na mutane ba?”

Kuwabara ya rusuna gaban 'yan jarida ya nemi afuwa, kunyar kuwa ba ta sake barinsa ba.

Ƙarshen rayuwa

Da bakinsa ya roƙi a sauke shi, aka mayar da shi sashen bayanan gyara, inda ya bi kafofin jirgin ɗaya bayan ɗaya yana sake auna su da hannun ƙato sanye da safa, har ya yi ritaya a 2011. Daga nan bai ƙara sa riga mai gajeren hannu ba, ko da bazara.

“Baban Noriko, zafi zai kashe ka,” Hatsue kan ce. “Maƙwabta ba jirgi suke ƙerawa ba, balle su auna ka.”

Shi kuwa sai ya ƙara janyo hannun rigarsa.

Rasuwa

Ya rasu a watan Nuwamban 2019 bayan jinyar huhu. Bayan ƙona gawar, iyalan suka kewaye tokar suna tsintar ƙasusuwa da 'yan siraran sanduna bisa al'adarsu. Da aka iso ƙashin hannun dama, Hatsue ta dakatar da ɗansu Osamu, ta ce, “Bari ni da Noriko mu ɗauka, a rufe shi da wuri. Ba ya son a gani.”

An binne tokarsa a kabarin iyayensa a Kakamigahara. Ya bar matarsa Hatsue da 'ya'ya uku: Noriko, malamar makaranta, da Yuri, mai harhaɗa magunguna, da Osamu, makaniken jirgin sama.