Ruwan Mukayyif a Kan Kwalta

Gwaggona tana girki a wani gida a unguwar Rusaifa, a Makka. Ita tana da iƙama, takardar izinin zama, ni ba ni da ita, don haka uwar gidan ta ce in riƙa kwana a karafan ɗinsu, wata mota mai ɗaki a ciki da suke fita sahara da ita lokacin sanyi. A ƙofar gida take ajiye, jikin katanga. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa a unguwa ya san da mutum a ciki.

Mukayyif ɗin motar, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kan rufi yake, kuma yana zubar da ruwa. Motar ta ɗan karkata wajen titi, sai ruwan ya bi ta can ya sauka a kwalta. A Makka jiƙaƙƙen wuri ba ya ɓoyuwa. Gwaggo ta samo siririn tiyo ta haɗa da bakin magudanar, muka zuro shi ta taga zuwa cikin jarka. Aikina in juye jarkar a tukwanen fulawa, in busa tiyon saboda ƙura.

Ran nan ban busa ba. Bayan la'asar na ga jarkar a bushe, ban gane tiyon ya toshe ba sai da na ji wata mota ta tsaya. Ta labule na hango rubutun baladiyya, hukumar gari, a jikinta. Na kashe mukayyif. Ashe ko an kashe, ruwan da ya taru ba ya tsayawa. Ina kwance a ƙasa ina jin sa yana ɗiga.

Ma'aikacinsu ya buga ƙofar karafan. Sai na ji muryar Gwaggo daga bakin gida.

"Ya hajja, wa ke ciki?" ya tambaye ta da Larabci.

"Dabinon maigida. Shi ake wa sanyi, mu muna kicin muna gasuwa."

Ya yi dariya, ya ce a gyara kafin ya dawo.

Da ya tafi ta shigo, ta busa tiyon, laka ta dawo mata a baki. Ta tofar.

"Tashi, dabino. Ƙafafunki sun mutu ne?"



Washegari maigida ya sa aka ja karafan zuwa gonarsa. Yanzu ina unguwar Misfala, mu bakwai a ɗaki, tagarmu tana kallon lungu. Har yau idan mota ta tsaya a waje sai in matsa daga jikin tagar.