Ƙusa Biyu da Isufu Ya Cire

Wata bakwai rabona da in rubuta ko kalma ɗaya a nan. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Yau na taka daga gida har tashar jirgin ƙasa ta Al Qusais, nan ƙasar Larabawa, ba sanda, don haka yau zan yi magana.

Kun san duk Asabar nakan rufe sito in tafi hawan dutse da abokai. Akwai wata hanya a jikin wani dutse da ni na buɗe ta. Na huda, na kafa ƙusoshin ƙarfe takwas, waɗanda mai hawa ke maƙala igiyarsa don ta tare shi in ya zame. A al'adarmu, wanda ya buɗe hanya shi ke sa mata suna. Na sa mata Ummi, sunan 'yata.

Isufu mutumin Maraɗi ne, yana sayar da waya a Al Rigga. Ya fi ni iya hawa, ban taɓa musawa ba. Shi a ganinsa huda dutse ɓarna ce.

"Habibi, dutse ba bangon flat ɗinka ba ne," haka yake ce min.

Ni kuma in ce, "Kai ƙadangare ne, mu masu iyali ne." A yi dariya, a sha shayi. Na ɗauka wasa muke yi.

Ranar da abin ya faru, abokina Bashir ne ke riƙe min igiya a ƙasa. Na wuce ƙusa ta biyar, na yi sama, na miƙa hannu inda na san ta shida take. Rami na tarar, an cike shi da gam da yashi. Na ɗaga kai, ta bakwai ma babu. Hannuwana sun riga sun mutu da gajiya. Kafin igiya ta tare ni, ƙafar hagu ta daki wani tudu a jikin dutsen.

A asibiti hoto ya nuna idon sawu ya farfashe wuri uku, ƙashin baya ɗaya ya tsage. Awa huɗu ana tiyata. Isufu ya cire ƙusa biyu a dutse, likita ta kafa tara a ƙafata.

Inshorar wurin aiki ta ce ba ruwanta da mai hawan dutse. Yayana Sani ya sayar da motarsa a Kano, ya taho jinyata. Har yau bai yarda mun yi maganar motar ba.

A mako na uku zazzaɓi ya rufe ni. Ciwon ya fara ruwa, yana wani wari da ni kaina ba na iya jurewa. Aka mayar da ni tiyata, aka wanke. Likitar ta tsaya a kaina ta ce, "In cutar ta shiga ƙashi, za mu yi maganar da ba ka son ji."

Mako shida ana ɗura min magani ta jijiya. Kullum da safe a ɗebi jini. Fitsari a roba, wanka sai Yaya Sani ya ɗaga ni. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Sai in yaye bargo in yi ta kallon yatsuna biyar kamar masu shirin tafiya.

Duk wannan lokaci, a zauren hirarmu na waya ana ta muhawara, wai shin huda dutse daidai ne ko kuskure. Wasu har da cewa ni Nafi'u na cika ganganci. Ina kwance ina karantawa.

Sai ga Isufu da kwalin dabino.

"Mon frère, ɗan'uwana, wurin nan akwai tsaga mai kyau ta maƙala kayan tare igiya, ba ya buƙatar ƙusa. Na yi niyyar faɗa maka."

Na ce, "Yaushe ka cire?"

"Sati biyu kafin ka hau." Ya duƙar da kai. "Khalas, shi ke nan, ƙaddara ce."

A cikin sati biyun nan sau uku muka sha shayi tare. Dabinon na ba mai shara.

Yaya Sani ya ce, "Ka yafe, Nafi'u, ko ka samu ƙafarka." Na ce, "Yaya, Allah ne zai ba ni ƙafa, ba Isufu ba." Ban yafe ba, kuma zazzaɓin ya sauka.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da ba ta taɓa yi min ƙarya ba, da mai gashin ƙashi da ya sa ni kuka sau da yawa, da Bashir da ya goyo ni daga gindin dutse har mota. Yaya Sani, ba ni da bakin gode maka.

Masu hawa, ku duba hanya daga ƙasa ku ƙirga ƙusoshi kafin ku ɗaga ƙafa, ko da ku kuka kafa su. Ku karanta takardar inshorarku. Ciwo in ya fara wari, kada ku jira gobe. Wanda kuma ya taɓa ƙarfen da ran wani ya dogara da shi, ya faɗa a ranar.

Asabar da ta wuce su Bashir suka zuro ni da igiya daga saman dutsen. Na kafa sababbi biyu kusa da ramukan, ramukan kuma na bar su kowa ya gani. Sannan na cire sunan 'yata daga hanyar. Yanzu sunanta Aikin Isufu. Larabawa, Turawa, Indiyawa, duk wanda ya zo sai ya tambayi ma'anar sunan, Bashir kuma ba ya gajiya da bayani.

Jiya Isufu ya kira ni. Wai babu mai yarda ya haɗa igiya da shi, in taimaka in sauya sunan. Na ce masa ranar da aka cire ƙusa taran nan daga ƙafata, ya zo mu yi magana.

Likita ta ce da su za a binne ni.