Katangar Ɗakin Cin Abinci

Shekara goma sha shida na yi ina kula da ɗakin cin abinci a makarantar kwana ta 'yan mata a Mubi. Yadda matan mishan suka rene ni, haka na tafiyar da shi: a ɗauki cokali tare, a cinye abin da aka zuba, babba yana tsaye yana kallo. Wadda ta rage tuwo ta raina wahalar mai dafawa, hukuncinta sharar filin makaranta.

A shekarar ƙuri'ar raba gardama ta farko kan makomar yankinmu aka kawo mana wata yarinya daga Wuro Patuji, 'yar makiyaya, siririya, mai tsabta. A darasin ɗinki da nake koya musu ban taɓa warware ɗinkinta ba, kuma ɗalibai kaɗan ne zan yi wa wannan shaida. Amma da zarar na tsaya a kan teburinsu, sai ta ajiye cokali ta sunkuyar da kai.

"Tuwon namu ne bai kai na gidanku ba?" na tambaye ta. "Ko sai mun tatso miki saniya?"

Sauran suka kwashe da dariya.

"Malama, yana da daɗi," ta ce a hankali.

"To, ci ina gani."

Ba ta ci ba. Na san a gidajensu yaro ba ya tauna abinci a gaban babba; duk mazaunin Mubi ya san haka. Sai dai na ɗauka aikin makaranta ne ta cire irin wannan kunya, kuma ni zan cire ta. Na dawo da kujerarta gabana. Shekara huɗu muka yi a haka: ni a tsaye, ita hannu a cinya, tuwo yana hucewa, sannan ta ɗauki tsintsiya. Sai daga baya na ji cewa mai dafa abinci, wata dattijuwa 'yar Kolere, tana ɓoye mata ƙanzo a bayan kicin. Da ƙanzo ta gama makaranta. Ta fita da sakamako mai kyau, da kuma ciwon ciki wanda bai sake rabuwa da ita ba.

Ta auri wani ɗan kasuwa mutumin Borno, ta shiga fataucin gyaɗa tsakanin Uba da Mubi, Allah ya buɗa mata. Bayan yaƙin basasa, kowace kaka babbar mota takan tsaya a ƙofar makaranta da buhunan dawa da wake. Direba yakan ce, "Hajiya ce ta ce a sauke," ba ƙari. Da iskar damina ta yaye rufin ɗakin cin abinci, ita ta gina sabo, da bulo da kwano. Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa shugabar makaranta: a ja katanga tsakanin teburin malamai da na ɗalibai, kuma kada babba ya shiga sai an gama ci.

Na ƙi amincewa, na ce tarbiyya za ta lalace. Aka gina katangar. Ranar farko na zauna a bayanta ina jin ƙarar cokula da surutu. Da aka fito da kwanuka na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda aka rage komai a ciki, har na 'yan matan da nake kira masu taurin kai.

Wata uku ina shirya abin da zan faɗa wa Hajiya. Da na ji ciwon ya kwantar da ita, na goge zanena, na tafi gidanta da hantsi. Ta taso da ƙyar, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Malama, har yanzu tsayuwar ce? Zauna mana, yau ba ɗaliba a nan."

"'Yata, magana ce ta kawo ni."

"Sai kin ci tukuna, kin sha hanya."

Ta kawo tuwon dawa da kindirmo da hannunta, ta ajiye, ta fita ta saki labule, domin a wurinsu ba a tsaya wa babba a ka yana ci. Na zauna ni da kwano ina jiran ta dawo, na kasa kai loma ɗaya. Da azahar ƙanwar mijinta ta leƙo ta ce ciwon ya tashi, an ba ta magani, barci ya ɗauke ta. Na ce zan dawo ranar Asabar. Ranar Alhamis aka yi jana'izarta.

Na ƙara shekara biyu a aiki, a zaune bayan katangarta. Maganar da na shirya ba ta ji ta ba. Tuwonta kuwa na baro shi yadda ta kawo, kuma shi ne kaɗai abincin da na taɓa ragewa a rayuwata.