Ranar da Na Kwashe Mata daga Layin Hedimasta

Edita, ina gaisuwa. A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, ni ce shugabar mata ta jam'iyyarmu a wata mazaɓa da ke wajen Adogi. Doya nake sarowa a ƙauye in kai kasuwar Lafiya, a coci kuma ni ce mai ba da waƙa, don haka muryata tana kaiwa nesa, bakina kuma ba ya mutuwa. In na ɗaura ɗankwalin anko na ce a tashi, tashi ake yi, har da maƙwabtanmu Musulmi da matan Fulani masu kawo nono. Ina ji da kaina ƙwarai. Amma da za ka tare ni ka tambaye ni abin da jam'iyyar ta tsaya a kai, ban san komai ba sai alamarta da launin tutarta da kirarin da muke amsawa a mitin.

A wurinmu da layi ake fid da ɗan takarar kansila. Ana taruwa a filin firamare da rana tsaka, kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Ba akwati, ba ɓoye-ɓoye, mijinki na kallonki, surukarki na kallonki. Mu mata kuwa ba ɗan takara muke duba ba, ɗankwalin shugaba muke duba, inda ta tsaya nan kowa za ta tsaya. A shekarar mutum biyu suka fito. Ɗaya tsohon hedimastan da ya koyar da ni ne, maganarsa kuma guda ce: kwalbati a rafin da ke yanke mana hanya duk damina. Ɗayan ɗan kwangila ne mazaunin cikin gari, wanda ko sunan rafin bai sani ba. Mun gama shawara tun a gida cewa hedimasta za mu bi, kuma a bayansa muka jeru, layinmu har bakin rijiya.

Ana gab da ƙirga sai ciyaman na mazaɓa ya yafito ni gindin mangwaro. Ya kira ni Mama, ya sassauta murya, ya ce manya daga sama sun riga sun tsai da ɗan kwangila, ɗan jam'iyya na gaskiya kuma biyayya aka san shi da ita, wanda ya ƙi zagon ƙasa yake yi, kuma kujerata ba gadon gidanmu ba ce. Kada wani ya ce sayena aka yi, ko ruwan leda bai ba ni ba. Tsoron rasa kujera ne da son a yabe ni. Na dawo, na ɗaga waƙa, na taka zuwa ɗaya layin, mata suka biyo ni ɗuu. Aka bar dattijon nan da tsofaffi 'yan ƙalilan a cikin rana. Bayan an tashi ya tare ni, ya ce da ni 'yata, ya tambaye ni ko an taɓa karanta mini kundin jam'iyyar da nake wa wannan biyayya. Tsaki na yi masa, Edita. Mutumin da ya koya mini rubuta sunana! Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Kansilan da muka ɗora bai sake taka ƙauyenmu ba. A damina ta biyu wata a-kori-kura ɗauke da doya da mata ta zame a rafin nan ta kife. Ba na ciki. Aminiyata, wadda ita ce take tsaye a bayana ranar layi, tana ciki, ƙafarta ta karye wuri biyu, ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Da na je duba ta a asibiti ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi ita ta san hedimasta ne mai gaskiya, amma ta ga ɗankwalina ya motsa, shi ya sa ta bi.

Daga asibiti gidan hedimasta na wuce, na durƙusa. Makonni ya yi yana karanta mini ɗan littafin kundin jam'iyyar yana juya mini shi da Hausa. Ashe duk a rubuce yake: jam'iyya ta membobi ce, su ke zaɓen ɗan takara, ga alkawarin hanyoyin karkara, ga na taimakon manoma. Ba inda aka rubuta manya daga sama.

Da zaɓe ya zagayo, aka tara mu a filin nan aka ce an yi masalaha, ba layi bana, kansila zai koma. Na miƙe na ce a nuna mini shafin da ya ce haka. Ciyaman ya ce Mama ta zauna, na ce Mama ta gama zama. Na cire ɗankwalin ankon na ninke, na faɗa wa mata kada kowa ta bi ni, wadda za ta zo ta zo don kanta. Na je na tsaya bayan hedimasta, wanda ya sake fitowa takara, ni kaɗai, maza na dariya. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tsakuwa. Aminiyata ce. Bayanta wasu suka taso, ɗaya-ɗaya, ba waƙa ba guɗa, har layi ya sake kaiwa rijiya.

Ba su ƙirga mu ba. Sunan mutuminsu suka aika, ni kuma suka tuɓe ni, wai na yi zagon ƙasa. 'Yan wasu jam'iyyun sun yi ta zuwa da atamfa don in sauya sheƙa. Kowanne na tambaye shi abin da jam'iyyarsa ta tsaya a kai, sai ya kama yi mini kirari. Na sallame su. Ba inda za ni, da ƙafata na bi gida-gida na tara matan nan, ba wanda zai kore ni daga abin da na gina. Kowane mitin ina benci na gaba da littafin hedimasta a jaka, ina tambayar ina kwalbati, ciyaman yana ɓata rai, ko a jikina.

Abin da na koya, biyayyar da ba ki san dalilinta ba wata ce za ta biya ta, kuma ba ke ba ce. 'Yan uwana mata, kafin ku amsa kirari ku sa a karanta muku abin da jam'iyya ta rubuta, ku riƙe ta da shi. Kada ku bi ɗankwalin kowa, har nawa. Ni kujera kawai na rasa, na kuma rasa ta ina tsaye. Aminiyata kuwa har gobe sai an goya ta ake haye da ita rafin nan.